Ƙanzon da Aka Wanke

"Wa ya wanke min tukunya?!"

Ga ta nan a kan teburin falon gidan su saurayina, fes, sai ƙamshin sabulu take yi. Tukunyar da na tono da hannuna a tsohon kufai, wadda ta girmi kakan kakana!

Ɗan Laburare, ma'aikacin ɗakin karatun da nake shirin aura, ya miƙe yana sosa ƙeya.

"Sahibata, zauna mana..."

"Ba zan zauna ba! Ina ƙanzon?"

Ƙanzon nan shi ne komai nawa. Editan mujallar masu binciken kayan tarihi ya ce zai buga maƙalata, amma sai an auna baƙin da ya daskare a gindin tukunyar, a san abin da mutanen wancan zamanin suka dafa. Rufin ɗakin bincikenmu na yoyo, shi ya sa na kawo ta ajiya gidansu. Ni da shegen yarda!

"Kai fa ka fi kowa sani! Kai kake zaƙulo min tsofaffin mujallu, kai kake buga min shafuka. Sau nawa ka karanta cewa ba a wankewa? Ko hannu ba a sawa!"

"Wallahi ina wurin aiki. Umma ce ta..."

"Dama na sani!"

Mahaifiyarsa ba ta taɓa ƙaunata ba. A gabana ta ce ɗanta ba zai auri mai tonon rami ba, wai farcena kullum da ƙasa. Shi ya sa ban taɓa kiranta da komai ba sai Hajiya.

"To ta huta. Maƙala ta mutu, auren ma a bar shi!"

"Haba rabin raina..."

"Ka riƙe rabin ranka!"

Na fizgi jakata ke nan, labule ya motsa. Hajiya ce, hannayenta sun yi jawur, babban yatsanta ɗaure da tsumma.

"Ni na wanke, 'yar nan."

"Don me, Hajiya? Me na tsare miki?"

"Jiya na ga yaron nan yana shafa kwalin da tukunyar ke ciki kamar jariri. Na ce to, tunda abin ya kai haka, na haƙura. Kayan surukata ba zai zauna da dauɗa a gidana ba. Tun safe nake kankara da cokali, wallahi taurin kai gare shi kamar ke."

Surukata...

Hawayen haushi suka zubo min. Ina son in yi ihu, na rasa wanda zan yi wa.

"Ba zai dawo ba fa. Aikin shekara guda ya bi ruwa!"

"Na ɗauki hutu," in ji shi a hankali. "Mu koma kufan tare. Ni zan riƙa tankaɗe ƙasa."

"Kai da ƙurar littafi ma ke sa ka atishawa?"

"Zan yi ta yi."

Na share fuska, har yanzu zuciyata na tafasa. Na kama hannunta mai ciwon na duba.

"Umma, ki ji da kyau. Idan na shigo gidan nan, ko cokalina kada ki wanke!"

Ta juya wurin ɗanta.

"Kai, ka ji abin da ta kira ni?"