Ogan da Ya Ce Laifinsa Ne

Najwa tana kicin tana tace shinkafa lokacin da Baffa Yahuza ya yi sallama a gidansu na Kubwa. Gabanta ya faɗi, don shi mahaifinta, Alhaji Badamasi, ya tura ya binciko Musaddiq, saurayin da ke neman aurenta. Ta ajiye kwandon, ta laɓe a bayan labule.

"Yaya, a manta da yaron nan kawai!" in ji Baffa. "An ce mana shugaba ne a kamfanin kwamfuta, amma ko ofis nasa ba shi da shi, tebur ɗaya yake zama da ma'aikatansa. Ranar da na je manhajarsu ta tsaya cak, kuma da kunnena na ji ya miƙe gaban kowa yana cewa, 'Laifina ne.' Wane oga ke faɗin haka? Kora ce ke jiransa."

Baffa Yahuza dai idan ya hango hadari, rantsuwa zai yi cewa an riga an yi ambaliya. Amma ƙanin Alhaji ne, kuma Alhaji ya yarda da shi.

"To, an fasa auren," in ji Alhaji.

Najwa ta faɗo falon, hawaye shaɓe-shaɓe. "Abba, don girman Allah—"

"Rufe min baki!"

Kwana huɗu ta yi tana kuka. Da ta kira Musaddiq, cewa ya yi, "Kada ki yi jayayya da Abba. Abin da Baffa ya ji gaskiya ne, na faɗa. Mu yi haƙuri." Haushi ya kama ta, duk da haka ta bi maganarsa.

Mahaifiyarta, Hajiya Safara'u, ita ce ta kasa daurewa. "Alhaji, shadda ma ba ka taɓa sarinta da idon wani ba. Mijin 'yarka ne za ka yanke wa hukunci daga nesa?"

Washegari Alhaji bai je shagonsa na Wuse ba, sai ga shi a ofishin su Musaddiq. Musaddiq ya durƙusa ya gaishe shi, ya kai shi gaban wani makeken allon kwamfuta da ya cinye bango guda. Taswirar Abuja ce a kai, da ƙananan fitilu kore suna ƙyalli daga Kuje har Karu.

"Kowace fitila ƙaramin asibiti ne, Abba. Da manhajarmu suke duba bayanan marasa lafiya. Aikina shi ne in zana yadda sassanta za su haɗu, kamar tsarin gida kafin a aza bulo, sannan in jagoranci masu ginawa."

Alhaji ya saki baki. Ya fara ƙirga fitilun da yatsa, ya kai sittin, ya haƙura. "Ikon Allah! Duk wannan daga kan mutum ɗaya ya fito?"

"Mu goma sha biyu ne, Abba."

Sai wata ma'aikaciya mai suna Rosemary ta taso, don duk ofishin sun ji labarin fasa auren, ta yi magana da 'yar guntuwar Hausarta. "Baba, sori. Ni ne na yi mistek ɗin. Ni na tura kod, wato umarnin kwamfuta, da ya kashe manhaja awa biyu. Oga bai yi komai ba, wallahi!"

"Zauna, Rosemary," in ji Musaddiq. Ya juya ga Alhaji. "Hannunta ne ya danna, amma ni na zana tsarin da ya bar hannu ɗaya ya kayar da komai. Yanzu mun gyara, ba abin da zai wuce sai mutum biyu sun duba. Da na tozarta ta, gobe wanda ya yi kuskure ɓoyewa zai yi, ba za mu sani ba sai an ba mara lafiya maganin da ba nasa ba."

Alhaji ya kalli yaron, mamaki da kunya sun cika shi.

"Shekara talatin ina kasuwa," ya ce a hankali. "Duk wanda ya yi min ɓarna, korarsa nake a gaban jama'a. Ashe shi ya sa ba wanda ya taɓa zuwa da ƙafarsa ya faɗa min gaskiya."

Yana isa gida ya ƙwala wa Najwa kira. Ta fito da kumburarrun idanu, ta durƙusa.

"'Yata, wata rana za ki yi kuskure a gidan miji, kowa yana yi. Yau na ga mutumin da zai rufa miki asiri, ya zauna ku gyara tare. Ki ce ya turo magabatansa ranar Juma'a."

Najwa ta kifa kai a ƙafarsa tana kuka, Hajiya ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Haƙurin Najwa bai tafi a banza ba. Masu binciken aure kuma su riƙe wannan: namijin da zai iya cewa "laifina ne" a gaban na ƙasa da shi, shi ne wanda za a ba amanar 'ya a koma gida da kwanciyar hankali.