Launin Ƙasa

Na'urar Marina ta yi ƙara sau uku, tiren ƙwai ya zuro waje. Barira ta leƙa ba tare da wani ɗoki ba. Ƙwai goma sha biyu sun ƙyanƙyashe, 'ya'yan macizai na mutsu-mutsu: wannan shuɗi kamar an tsoma shi a baba, wancan ruwan goro da ɗigon zinare.

Shekara talatin ke nan tana kiwonsu a hawa na saba'in na Babban Rumbu, dogon benen da ke ajiye hatsin birnin Gusau kaf. Asali daga Amurka aka kawo macizan, marasa dafi, masu launin ƙasa, don su ci ɓeraye. Sai masu hannu da shuni suka ƙyalla ido, kowa na son na ado wanda zai dace da labulen falonsa. Aka ƙera Marina, mai shiga ƙwayar halittar ƙwai ta juya launi yadda aka ga dama. Ɓeraye kuwa aka bar su da tarkon lantarki.

Bana ɓerayen suka gane tarkon. Cikin wata biyu suka cinye rubu'in geron birni.

Injiniya Tanimu, shugaban rumbun, ya shigo yana haki.

"Hajiya, waɗanda muka saki jiya fa ko ɓera ɗaya ba su kama ba! Ƙyalli suke kamar fitilun biki, tun daga nesa ɓera ke hango su ya yi ta kansa. Don Allah ki fitar mana da irin na da."

Barira ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Ta ja kujera ta zauna.

"Marina, launin ƙasa. Guda dubu biyu."

"Babu wannan launi a ma'ajiya," na'urar ta amsa cikin ladabi. "An goge shi shekara goma sha tara da suka wuce, don a samar wa ruwan hoda mai walƙiya wuri. An kuma daina kiwon irinsa."

Tanimu ya dafe kai. "Innalillahi! Wane marar tunani ne ya yi mana wannan aika-aika?"

Barira ta kau da kai. Idonta na kan bango, inda lambar yabon da ta ci da ruwan hodar ke rataye. Ranar har rawa ta taka.

Marina dai ba a koya mata kara ba. Ta karanto sunan, da kwanan wata, har da dalilin da Barira ta rubuta da hannunta: "Ba mai so."

A ƙarƙashin ƙafafunsu, hawa sittin da tara, ɓeraye na ta ci.