Ruwan da Evaristo Ya Yaba

Rana ta kusa faɗuwa a bayan garin El Tigre, Nélida na gasa wainar masara, sai dutse ya faɗo kan rufin kwano. Fari ne, mai kaushi. Mijinta Evaristo ya ɗauka ya jujjuya. Ya san shi. Ɓawon gishirin nan ne da ke toshe bututun rijiyar mai.

Aikinsa ke nan, gwada ruwan da ake turawa cikin rijiyoyin don kada ya daskare ya zama dutse. Da rani suka fara toshewa, aka ce ya nemo ruwa mara gishiri. Shi ya nuna tafkin unguwarsu, ya gwada ruwan a kwalabensa, ya ce babu kamarsa. Aka kawo inji aka zuƙe shi tas. Maƙwabta suka koma jiran motar ruwa. Shi kuwa yana da rijiya a tsakar gida.

Kullum magariba sai jifa. Can kuma 'yarsu Yusmary ta daina haɗiye ruwa. In ta kurɓa, sai ya dawo. Leɓenta duk ya tsattsage.

Aka kira Iya Eufemia mai magani. Ta kunna kyandir, ta busa wa yarinyar hayaƙin taba.

"Kai wane ne, mara kunya, a jikin 'yar mutane?"

Yusmary ta yi dariya da muryar tsoho. "Ke tsohuwa, rage hayaƙin nan, ni na ruwa ne. Tambayi mai kwalabe. Shi ya yaba wa masu rijiyar mai tafkin nan, gidana."

"Sa ni aka yi," in ji Evaristo.

"Ga kogi can. Ka ce ya yi nisa."

Evaristo ya sunkuyar da kai.

"To me kake so?" Iya ta tambaya. "Giya? Kaza?"

"A cikin kazar zan kwana? Rijiyar gidan nan nake so. A mayar da ruwan randa ciki, a rufe, kada guga ya sake taɓa ta."

Da hannunsa Evaristo ya juye randar, ya jawo murfin ƙarfe. Can ƙasa ruwa ya motsa, kamar an yi ajiyar zuciya.

Yusmary ta buɗe ido. "Baba, ƙishirwa."

Ko ɗigo babu a gidan. Ya ɗauki kofi ya tsallaka gidan Cleto, maƙwabcin da tun rani bai amsa gaisuwarsa ba. Cleto ya daɗe yana kallon kofin, sannan ya kira matarsa.

"Cika masa. Yarinyar ba ta yi mana komai ba."