Likitar Karnuka

Ranar da ya fara ganinta, rigarsa duk jini ce. Mota ce ta buge magensa a bakin shagonsa na gyaran agogo, ya naɗo ta a tawul ya shigo asibitin dabbobi yana haki. Ita ta karɓe ta. Ta ɗaga hoton ƙashin ta duba, ta ce cinyar ta karye gida uku, sai an saka ƙarfe da kusoshi shida.

"Ke za ki yi?" ya tambaya, ganin ƙuruciyarta.

"Shekara shida na yi a jami'a, ɗaya a koyon aiki, yanzu ina ta uku a ƙwarewar tiyata. In kana da wanda ya fi ni, ga ƙofa nan."

Bai fita ba. Bayan sati shida magen ta taka, shi kuwa bai daina zuwa ba. Yau ya ce tana ɗingishi, gobe ya ce ba ta cin abinci, har ta ce masa mage lafiyarta ƙalau, mai ita ne ke buƙatar dubawa. Daga nan ya zama Mai Agogo, ita kuma Likitata.

Ta gaya masa abin da ke gabanta: tiyata ɗari huɗu a gaban babban likita, kowace da sa hannunsa, sannan jarrabawar kwana biyu da ake yi sau ɗaya a shekara. Ya ce shi da ke zama da agogo, jira ba ya ba shi tsoro.

Da ya kai ta gaida Ummansa, ta durƙusa har ƙasa. Umma ta tambaye ta ko da gaske ne tana zura hannu a cikin kare. Ta ce da gaske ne, da safar hannu, don ceton rai. Aka kawo mata ruwa ta sha. Tana ajiye kofin, Umma ta sa tsumma ta ɗauke shi, ta jefa a kwandon shara a gabanta. Yayarsa, wadda ta daɗe tana masa tallan wata ƙawarta, ta tuntsire da dariya. Shi kuwa ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba.

Da safiyar jarrabawa, tana bakin ƙofar zaure, saƙo ya shigo daga lambarsa:

"Na yi tunani. Ba zan iya cin abincin hannun da ke wanke karnuka ba. Kada ki sake nemana."

Ta shiga haka. Manyan likitoci uku suka ajiye mata hoton ƙugun kare, aikin da ta yi ya fi sau talatin, ta tsaya tana kallonsa kamar ba ta taɓa ganin ƙashi ba. Ta faɗi jarrabawar. Ta toshe lambarsa.

Sati biyu yana kira ba ya shiga, in ya je asibiti a ce tana tiyata. Sai wata rana ana cin abinci Yaya ta faɗa da bakinta, tana dariya, cewa ita ta ɗauki wayarsa yana wanka, ta tura wa likitar saƙon nan ta goge.

Ya tare likitar a ƙofar ɗakin tiyata, tana cikin koren kaya.

"Wallahi ba ni ba ne, Likitata."

"Na ji. Amma ka san dalilin da ya sa na yarda kai ne? Ranar da aka jefar da kofin, kana tsaye."

Ta ce shekara guda aka cinye mata, shi ma sai ya ɗanɗana: ba kira, ba zuwa, har ta sake zaman jarrabawar.

Ya koma ya gaya wa Umma, murya ƙasa-ƙasa, cewa an zalunci yarinyar nan a gidansu, kuma in ba ita ba, ba zai yi aure ba. Umma ta daina amsa gaisuwarsa. Wata goma sha ɗaya yana durƙusawa kowace safiya yana gaida bayanta.

Ranar da sakamako ya fito, yana kan wani tsohon agogon bango, wayarsa ta yi ƙara:

"Mai Agogo, na ci. Yanzu ni ƙwararriyar likitar tiyata ce. In har kana nan, Baba ya ce ka turo manya."

"Ina nan inda kika bar ni, Likitata. Na rame dai."

Yaya ba ta zo bikin ba. Umma ta zo, ta zauna can gefe fuska a ɗaure. Da aka kawo mata amarya, ta daɗe tana kallon bango. Ango ya matso ya durƙusa kusa da matarsa, ya kama hannunta a gaban kowa, ya ce ba za su tashi ba sai Umma ta sa musu albarka.

"Allah ya yi muku albarka," in ji Umma daga ƙarshe, ba tare da ta juyo ba. "Ya ba ku zaman lafiya."

Amarya ta ce amin da ƙarfi, yadda har na tsakar gida suka ji.