Kunnen Dama Na Raɗa Ne

Filastar ciwo saurayin ya zo saya ranar da ya fara shiga kemis ɗin da budurwar take aiki. Yatsunsa duk sun yi bororo, don shi ke buga ganguna a wata sabuwar ƙungiyar kiɗan rok, irin kiɗan nan da lasifika ke girgiza gilashin taga. Ta tambaye shi babba yake so ko ƙarama. Ya ce na'am. Ta maimaita, ya sake cewa na'am.

Ta ɗauka neman magana ne. Ashe jiya suka yi wasa, har yanzu kunnensa na kukan gyare. Kafin wata ya ƙare ya sa mata suna Raɗa saboda sanyin muryarta, ita kuma ta rama da Tsawa.

Gaskiya yaron ba shashasha ba ne. Ba ya shaye-shaye, ba ya kula 'yan matan da ke tsayawa bayan dandamali. Aibinsa irin na yawancin samari ne, yana ganin jikinsa ba zai taɓa ƙarewa ba. Ɗakunan wasansu sun fara cika, suna shirin fitar da albam na farko, kansa na hayaƙi.

Da ya je gaida iyayenta, nan take jininsu ya haɗu da Baba. Baba ya tsufa a gidan yankan katako, inji ya cinye masa ji. Suka zauna a falo suna hira kamar masu faɗa, talabijin na nata ihun. Umma ta tsaya a ƙofar kicin ta ce wa baƙon ga ruwa. Bai waiwayo ba. Ta sake faɗa, shiru.

Bayan ya tafi Umma ta ce ba ta yarda ba, ga malamin makarantar da ke aiko gaisuwa nan, a duba shi. Raɗa ta tambayi laifin kiɗa.

"Ba kiɗan na ƙi ba, 'yar nan," in ji Umma. "Rabon da in faɗa wa babanki magana maƙwabta ba su ji ba, tun kina goye. Kin san ciwon mace ta ba mijinta haƙuri da ihu?"

Washegari Raɗa ta ɗauko robar toshe kunne daga kantar kemis ta miƙa wa Tsawa. Ya gwada sau ɗaya wajen gwajin kiɗa, ya ce gangar ta koma kamar ana buga ta a cikin bargo. Mai jita kuma ya dinga kiransa kaka, yana tambaya ko a sayo masa sanda. Ya cusa robar a aljihu, bai ƙara fito da ita ba. Namiji kan yarda ya rasa gaɓa don kada abokai su yi masa dariya, wannan wautar ta daɗe.

Raɗa ba mai gardama ba ce. Ta tura masa saƙo:

"Tsawana, ban ce ka bar ganga ba. Amma muryata ba za ta ƙaru ba, haka Allah ya yi ni. In ka ƙarar da kunnenka a dandamali, da me za ka ji ni?"

Kwanaki suka wuce ba amsa. Tana jera magani tana leƙen waya, har mai kemis ya ce ko za ta sha na zazzaɓi. Ta fara tunanin ya zaɓi ganga. Sai ga saƙo:

"Raɗata, na je asibiti an gwada. Na hagu ya ragu, likita ya ce ba zai dawo ba. Na dama lafiya lau, kuma naki ne. Ki ajiye min robar nan, kwali guda."

Wata rana da yamma aka ƙaddamar da albam ɗin, ɗaki cike maƙil. Umma ta zo tare da Baba ba ta sanar ba, ta zauna can baya da auduga a kunne. Baba kuwa sai murmushi, ya ce a ƙirjinsa yake jin kiɗan. Robar nan ruwan lemo tana kunnen Tsawa kowa na gani, har mai jitar ya sa tasa.

Da aka tashi, Tsawa ya cire robar ya duƙa yana kwance ganguna. Umma ta tsaya bayansa, ta yi ƙasa da murya.

"Sannu da aiki."

Ya juyo da sauri, ya durƙusa. "Umma, sannu da zuwa. Ai ban san kin zo ba."

Ta ce ya turo magabatansa.

Ranar biki Raɗa ta zauna a damansa, inda za ta riƙa zama. Ana tsakiyar hayaniya ta sunkuya ta faɗa masa wani abu. Ba wanda ya ji sai shi, ya yi dariya ya rufe fuska. Umma na kallo. Ta goge ido da gefen mayafi, ta matsa kusa da kunnen Baba don ta faɗa masa tsakaninta da shi.

"Allah ya yi musu albarka!"

Taron gaba ɗaya ya amsa da amin.