Kwat ɗin Baban Kazimir

A ɗakin ɗinki na wani gidan wasan kwaikwayo a Milwaukee suka haɗu. Odalis tana auna ƙugun Kazimir, sabon ɗan wasa, shi kuwa gogan ya riƙe numfashi don tumbi ya ɓuya.

"Saki cikinka, malam, tef ba ya ƙarya."

Tun daga ranar ya laƙaba mata Allura, kafin a ce kwabo sun shaƙu.

Burinta ɗaya ne, digiri na biyu a fannin tsara tufafin wasa. Makarantar da ta nema ta ce ta zo da rigar da ta tsufar da hannunta, don a sana'arsu sabon kaya ba ya hawa dandamali sai an ci masa mutunci. Ta tarar da wani kwat sabo fil a maratayin kayan tsufarwa, ta gurje shi da dutse, ta jiƙa shi a ruwan shayi.

Aka ɗauke ta. Ta tura wa Kazimir saƙo: "Masoyi, sun karɓe ni! Kwat ɗin nan mai ruwan toka da na tsufar ne ya fitar da ni."

Amsa ta zo: "Allura, na Babana ne. Maɓalli na kawo ki gyara. Sau ɗaya ya sa shi kafin ya rasu."

Odalis ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Halina, mahaifiyarsa, ta rantse wadda ta wulaƙanta kayan mamaci ba za ta taka mata gida ba. Kazimir yana sonta, amma wata biyu ya kasa kiranta.

Saura mako ta tafi makarantar, ta kai kwat ɗin da kanta. Halina ta karɓa fuska a murtuke, sai hannunta ya tsaya a gwiwar hannun hagu, inda ya fi cinyewa.

"Wa ya faɗa miki da hagu mijina yake jingina?"

"Babu kowa, Mama. Yadda Kazimir yake jingina na kalla."

Tsohuwa ta kifa fuskarta a jikin kwat ɗin, ta daɗe tana kuka.

"Shekara tara ina ajiye da shi sabo. Yau na ga tsufan mijina da ban samu gani ba. Kaz! Fito, wannan 'yar ta gaji da tsayuwa."

A hutunta na farko aka ɗaura aure a wata ƙaramar coci. Halina ta tarye su da burodi da gishiri, bisa al'adarsu.

"Allah ya albarkace ku, 'ya'yana. Ku daɗe, ku cinye rigunanku da kanku."