Gurbin da Bahijja Ta Ci

A fadamar Danchadi Badaru ya fara ganinta, tsugune bakin rumbun albasa da na'urar auna zafi a hannu. Shi injiniya ne ɗan Dandin Mahe, gyaran famfon sola ya kawo shi.

"Malama, albasar ma zazzaɓi take yi?"

Ta ɗago tana murmushi. "Shi ke ruɓar da ita. Sunana Bahijja, fiziks na karanta."

Hira ta yi nisa, ashe abu ɗaya suke nema: gurbin bincike na shekara uku da wata babbar jami'a a ƙasar waje ke bai wa matasa masu digirin dakta. Mutum ɗaya tak za a ɗauka.

Wata biyar suna duba wa juna takardu, har ya daina ce mata Dakta, ya koma Hasken Idona.

Bahijja aka ɗauka. Ba ta gama murna ba, Mode, ɗan baffanta da ya daɗe yana sonta, ya ce mata ai Badaru janyewa ya yi don tausayinta. Sai ga saƙonta a wayar Badaru:

"Ban roƙe ka sadaka ba. In gurbinka ne, zo ka ɗauki abinka."

Ya tura mata hoton wasiƙar da jami'ar ta ba shi haƙuri a ciki, ya rubuta:

"Hasken Idona, iya ƙarfina na fafata, kin kayar da ni. Ki bar ni in yi alfahari da ke."

"Ka yafe min, Injiniyana," ta amsa.

Saura mahaifinta, Alhaji Arzika, wanda da aka kai masa maganar aurensu ya ce sam.

"Namijin da ɗiyata ta kayar, mi zai hana shi riƙe ta a zuci?"

Badaru ya durƙusa. "Baba, ba zan ɓoye ba, na kwana biyu ina jin zafi. Amma na karanta aikinta, ya fi nawa. Baɗi zan sake nema. Kafin nan, duk abin da ta gano a can, ni zan ƙera wa manomanmu a nan."

Tsohon ya gyaɗa kai. "Turo magabatanka."

Saura sati uku ta tafi aka ɗaura aure a Bodinga. Alhaji Arzika ya riƙe hannun angon.

"Na ba ka ita da karatunta duka. Allah shi yi maku albarka."